Rakiyar Malam Dauda

Wata Juma'a ce cikin damina, ina 'yar shekara tara, Abba ya dawo daga masallaci da wani dogon Bature a bayansa, ruwa ya yi musu jagab. A lokacin muna zaune a hawa na shida na wani tsohon bene a unguwar Xiaobei, a ƙasar Sin. Umma tana dafa wa 'yan kasuwar Kano da Maraɗi abinci, Abba kuma yana ɗaure musu kaya zuwa filin jirgin Baiyun. A ƙofar benen ya tarar da mutumin tsaye yana ta shaƙar iska. Ashe ƙamshin miyar gyaɗar Umma ya biyo. Ya ce a unguwarsu a Lisbon wata maƙwabciyarsu 'yar Gini Bisau takan yi irinta, kuma rabonsa da ita tun da ya bar gida.

Sunansa Duarte. Umma ta gwada faɗa sau biyu, ta gaji, ta ce, "Dauda dai." Sai da ya share faranti na biyu wani Alhaji mai sarin takalma ya gane shi, ya kusa ƙwarewa da ruwa. Wai mai tsaron baya ne na wata ƙungiyar ƙwallo ta garin, wanda ake nunawa a talabijin. Umma ko a jikinta, ta ƙara masa miya.

Daga nan duk ranar da ba su da atisaye sai ga shi. Filin wasanmu ni da ƙanena Sadiƙu doguwar baranda ce, ragarmu kwalaye biyu na takalman kasuwar Zhanxi Lu, ƙwallonmu kuwa ragowar salatef ɗin Abba da muka dunƙule. Ni ci kawai nake so, amma Malam Dauda ya ce idona na 'yan baya ne. Ya koya mini in daina kai wa ƙwallo wawura, in rage tsawo, in jira. "Kada ki kalli ƙafarsa, Zulai, cikinsa za ki kalla, duk inda ciki ya nufa can mutum za shi." Wani lokaci yakan naɗe wando ya nuna mana tabon ɗinki a gwiwarsa da ƙaurinsa, kowanne da ƙasar da ya samo shi. Ƙasashe huɗu ya yi wasa kafin Sin, ba a taɓa buga hotonsa babba ba, domin masu cin ƙwallo ake bugawa. Abin ya riƙa ba ni haushi fiye da shi.

Inda aka yi ta ta ƙare shi ne wurin rakiya. Lungunmu ya cika da masu tura kaya, mota ba ta shiga, don haka direbansa a bakin tashar jirgin ƙarƙashin ƙasa yake jira. Abba kuwa ba a taɓa yin baƙon da ya bar gidansa shi kaɗai ba. Ya raka shi har tasha. Shi kuma Malam Dauda ya ce mahaifiyarsa ba ta yarda a bar dattijo ya koma gida shi kaɗai ba, ya rako Abba har ƙofa. Abba ya duba ya ga baƙo zai tafi daga ƙofarsa, ya sake bin sa. Ranar farko sawu uku suka yi, masu gasa nama a bakin hanya suna ta dariya. Umma ta leƙa ta taga ta ce, "Waɗannan sai an samo musu alƙalin wasa."

Ni aka samo. Idan na bi su, Abba ba shi kaɗai zai dawo ba, ke nan an kashe magana. A bakin tasha Malam Dauda yakan kama hannun Abba ya sa a nawa, ya ce, "Kyaftin, ga amana." Ba a taɓa ba ni muƙamin da na ji daɗinsa kamar wannan ba. Shekara biyu ban fasa ko sau ɗaya ba.

Sai gwiwar ta sake tashi. Ƙungiyar ba ta sabunta masa kwantaragi ba, ya samu wata ƙarama a wani tsibiri mai nisa. A bakin Sadiƙu na ji, kwana uku kafin tafiyar, kuma abin da ya fi ƙona mini rai ke nan. Ranar sallama ya zo da rana, jirginsa na yamma. Na shige ɗaki na murza makulli. Ya ƙwanƙwasa, na yi banza da shi. Na ji saukarsu shi da Abba, na ce a raina ya je can ya nemi wata kyaftin.

Amma ban iya barin taga ba. Na ga sun ɓace a kwanar tasha, can sai ga su sun dawo, Abba da farar hularsa, shi kuma yana ɗingishi. Suka tsaya a ƙofa, suka juya. Suka sake dawowa. A sawu na huɗu Umma ta yi magana ta bayan ƙofa, ba faɗa ba rarrashi: "Jirgi dai ba ya jira, kuma kin san ba mai sakin wani a cikinsu."

Na sauko hawa shida ko takalmi ban ɗaura daidai ba. Na shiga tsakiyarsu muka tafi, ina kuka ina jan hanci. A bakin tasha ya durƙusa a kan gwiwar nan mai ciwo, ya sa hannun Abba a nawa. Kafin ya ce "ga amana," sai ni na ce, "Na karɓa."

Yanzu ina Kano da 'ya'yana, Abba ya rasu shekara uku ke nan. An ce mini benen namu ya zama ofisoshi, Malam Dauda kuma ya ajiye ƙwallo yana koyar da yara a garinsu. Mutanen yanzu daga kan kujera suke sallamar baƙo, ido a kan waya. Ni kam har bakin titi nake kai nawa, yara suna ce mini na cika tsawaita abu. Ba su san a hanyar dawowa ce nake kewar hannun da aka ba ni amana ba.