Robar da Muka Ɗaure wa Ƙanena

Ana cikin girbin gero kububuwa ta sari ƙanena a hannu, a gonarmu ta Korgom. Muka yi abin da kowa ke yi a garinmu, muka ɗaure damtsen tamau da robar taya don kada dafi ya kai zuciya. Na goya shi bisa moto har likitar Tasawa, wato asibiti, yana tofar da jini a kafaɗata.

Lokotoro ya taɓa yatsun, sun yi baƙi, sun yi sanyi. Ya sa aka ɗaura mishi ruwa da maganin dafi, sannan ya kai hannu ga robar. Na cafke shi.

"Lokotoro, in ka kwance ta ka kashe shi."

"Malam, dafi ya daɗe da wucewa. Robar nan hannun take ci. Sake ni."

Na dubi ƙanena. Na saki. Ya riƙa sassauta ta kaɗan-kaɗan, ni ko idona na kan ƙirjin ƙanena, ina jiran numfashinshi ya tsaya.

Bai tsaya ba. Yatsu biyu dai sun tafi. Da sauran yake riƙe hauya har yau.