Wanda Aka Gani Ya Miƙa Fad

Ba na jin zan taɓa mantawa da Asabar ɗin da muka kunna kashi na biyu na gem ɗin ɓuya a shagon Oga Obinna, nan Unguwar Sanusi. Ku da kuka fara zuwa nan daga baya, ƙwallo kawai kuka tarar, shi ya sa nake ba ku labari.

Tun lokacin ni ke kula da shago. A aji biyu na sakandare na ajiye makaranta, na taɓa gareji, na taɓa cajin waya, babu inda na zauna. Nan ne kaɗai na daɗe, kuma saboda gem ɗin nan ne. Aikina in tada janareta, in kula da layin masu jiran bugawa, in raba fad, wato abin da ake riƙewa a buga. Duk tibin shagon na gem ɗin ƙwallo ne, ban da na lungu. Shi ne namu.

A kashi na farko, kai kaɗai ne, za ka shiga sansanin sojoji ka fito ba a gan ka ba. Da soja ya hango ka, sai ƙararrawa, sai a mayar da kai farko. Sai muka kafa doka: wanda aka gani ya miƙa fad ga na gaba. Ba gardama, gem ɗin ne alƙali. Benci ya cika, kowa ido a kan tibi. Babbanmu Bulus ne, mai walda a hanyar Rido. A cikin gem, zai laɓe bayan durom ya ƙi motsi, yana nazarin yadda soja ke kai da kawowa. A ce, "Yaya Bulus, barci ka yi ne?" Ya ce, "Haƙuri nake koya muku, marasa kunya."

Da sabon ya fito muka dami Oga. Ya ce, "Sadi, abin nan ƙato ne, injin gem ba zai ɗauka ba sai an goge tsohon, kuma ba mu da faifansa." Ni da Bulus muka ce a goge.

Wallahi da ya buɗe sai da muka yi ihu. Gari guda, daji, kogi, ka nufi duk inda ka ga dama. Nura mai keke ne farkon layi. Yana shiga sansani soja ya gan shi, Bulus ya miƙa hannu. Amma gem bai tsaya ba. Nura ya kashe sojan, ya hau babur ya tsere, ya shige ciyawa. Kafin ka ce me, sauran sojojin sun manta da shi.

Bulus ya ce, "Miƙo, an gan ka."

Nura ya ce, "Haba Yaya, ka ga an mayar da ni farko? To me na yi?"

Duk suka juyo kaina, tunda layi a hannuna yake. Na ce to a koma bin agogo, kowa ya buga iya lokacinsa ya miƙa. Nura ya ƙarasa lokacinsa yana tsintar ƙarafuna a daji, wai sai ya tara za a ƙara masa girman jaka. Masu kallo suka fara danna waya.

Da aka zo kan Bulus, ya yi irin nasa. Ya rarrafa, ya laɓe, ya jira, har ya kai bayan kwamanda ko kare bai ji shi ba. Ya soka masa wuƙa. Mutumin nan bai faɗi ba. Rubutu ya fito wai wuƙarsa ba ta kai matsayin kwamanda ba, ya je ya tara ƙarafuna. Kwamanda ya juyo ya zuba masa ido.

Saura masa lokaci sosai, amma Bulus ya ɗaga fad ya ce, "An gan ni. Wa ke bi?" Babu wanda ya miƙa hannu. Ya ajiye a benci, ya ce, "Sadi, ba don mu aka yi wannan ba." Ya fita. Har yau in mun haɗu gaisuwa kawai muke yi.

Kafin wata ya ƙare, Oga ya ce lungu ba zai ci gaba da shan fetur a banza ba. Ya sa masa ƙwallo.

Abin da na gane, a sana'ar nan ba gem muke sayarwa ba, layi muke sayarwa. Mutum na zama ne don ya san wanda ke riƙe da fad zai iya faɗuwa, layi ya zo kansa. Su masu haɗa gem ɗin ba su taɓa zama a benci ba. Sun ƙara masa faɗi, sun cire tsoron, suka tafi da mutanenmu.

Ni yanzu fad nake raba muku, idona na kan titi. An ce ana neman kwandasta a motar Abuja. Ranar da kuka zo kuka ga Oga ne ke tada janareta da kansa, kada ku tambaya.