Kaset Ɗin Bamalli

Duk ranar da Bamalli tela ya biyo ta shagon Alphonsus mai hayar kaset a Kurmin Sarki, sai ya sauka daga keke ya tura shi a ƙasa, yana duban hotunan finafinan da aka manna a bango. Bai taɓa karɓar kaset ko ɗaya ba, domin ko talabijin ba shi da ita.

A shekarar 1994 wasu samarin unguwar Iku sun ari kyamarar ɗaukar biki sun yi fim. Bai yi kyau ba ko kaɗan. Aljanin ciki sanye yake da agogo, gawa kuma ta kori ƙuda da hannunta. Wannan lalacewa ce ta sa aka so shi. Duk Asabar da rana gidan kallo kan cika, matasa na faɗin maganganun 'yan wasan tun kafin su buɗe baki.

Asibi mai waina ce ta gaya wa Bamalli cewa a cikin fim ɗin, a wurin da aka ɗauka a kasuwa, an ga marigayiya matarsa, Luba, ta gifta da kwando a ka. Luba ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. Bamalli ya ce to, ya ci gaba da ɗinki.

Bayan mako uku ya tafi gidan kallon, ya zauna a bencin baya da furfurarsa. Da aka tambaye shi, ya ce ya zo ganin shirmen da ake ta labari ne. Ana isowa wurin kasuwa, masu kallo suka ce a tura gaba, nan babu abin dariya. Mai injin ya tura.

"Baba, ka more?" in ji wani a ƙofa.

"Na ga aljanin," in ji Bamalli.

Daga baya Alphonsus ya ba shi wani tsohon kaset na fim ɗin da damina ta sa ya yi fumfuna. Ya nuna masa yadda ake goge zaren kaset ɗin da auduga da sifirit, ana juya shi da yatsa, ya ce in ya gama ya kawo su kalla su biyu.

Ni maƙwabcin Bamalli ne, kullum bayan la'asar ina hango shi a zaure yana gogewa a hankali. Ya rasu cikin azumin 1997. Da muka shiga kwashe kayansa, kaset ɗin na kan keken ɗinki a buɗe, zaren da ya goge bai kai rabi ba.