Sarkin Fawan da Aka Mayar Lamido

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, ba zai kwashe abin da ya sami gonar wani dattijo mutumin dutse ba.

Lokacin ina aiki a kamfanin auduga a Garuwa. In na tashi sai in zauna gyaran wani kundin sani na intanet, irin wanda kowa ke iya rubutu a ciki. Ba biya, ba na gode, ni dai ba na iya ganin ƙarya in wuce. Ran nan na ci karo da shafuka uku, na kaka da uba da jika, wai gidan lamidon wani ƙauye a bayan Guider. Faransanci tsaf, har da sunayen littattafai a ƙasa. Ina ganin hoton kakan na tuntsire da dariya. Marigayi Sarkin Fawan kasuwarmu ne, ranar da aka naɗa masa rawani! Mahaifina mahauci ne, hoton nan a rumfarsu na tashi ina ganinsa. An dai yanke mahautan da ke tsugune a gabansa. Wanda ya yi aikin ya san a wurin mutanen nesa duk mai rawani sarki ne.

Dariyar ta ƙare ranar da na sami dattijon nan, Kirista ne manomi daga ƙauyen, mai kawo gyaɗa kasuwa. Na ce, "Baba, ashe kuna da lamido ba mu sani ba?"

Bai yi murmushi ba. Ya ce, "Ɗana, mu kan dutse ba mu taɓa yin lamido ba. Amma wani ya zo da babbar mota, wai shi ne jikan, filin kwari duka na kakansa ne. Ya nuna mana a telefon. An ma kira mu biro, ofishin hukuma."

A kwarin nan gonarsa take, da ita yake ciyar da marayun jikokinsa.

A ranar na nemi a goge shafukan. Sai masu gyara na ƙasashen nesa suka ce in kawo hujja a rubuce. Na kusa fasa telefon don haushi. Ina zan samo littafin da ya ce wane bai taɓa rayuwa ba? Haka muka yi ta ja har damina ta wuce, kafin wani ya bincika ya ga littattafan da aka ambata ma babu su a duniya. Aka goge duka ukun.

Na hau moto, wato babur, na nufi kasuwa ina washe baki. "Baba, an goge!"

Ya ce, "A ina?"

"A intanet."

"To, wanda ya buga a takarda ya kai biro fa? Sun riga sun kafa turakun siminti. Dawata ma ba su bari na girbe ba."

Daga baya na gan shi a tasha, mutum mai furfura, yana dakon buhunan wasu. Ya gaishe ni da fara'a, gaisuwar nan kuwa ta fi zagi yi mini ciwo.

Har yau ina gyaran kundin, amma ban sake yi wa ƙarya dariya ba. Na koyi cewa kafin mu gama gardamar goge ta, wani ya riga ya kwana da yunwa a dalilinta.