Hancin Shu'aibu Kuku

Malam Shu'aibu kuku mutumin Ringim ne, kuma duk layinsu a Nassarawa GRA ba wanda bai san bakinsa ba. Masifaffe ne na gaske. Yana saurayi ya zo Kano, ya yi girki da itace, ya yi da risho, har ya tsufa a kicin ɗin Alhaji Hamisu, tsohon malamin jami'a. Abu biyu ya tsana a duniya: gas, da Hajiya Safina, matar Alhaji, wadda ta shigo da gas ɗin gidan.

"Abin da ba ka gani, ba ka taɓawa, shi za ka ajiye kusa da wuta?" Haka yake faɗa yana hararar tukunyar gas ɗin. Wata rana Alhaji ya ce masa wani Bature ne ya raɗa wa gas suna, daga tsohuwar kalmar Girkawa mai nufin hargitsi. Shu'aibu ya ja tsaki ya ce ashe mai shi ya san abin da ya haifa.

Hancinsa ne ya riƙe masa aiki. In tiyo ya tsage, tun daga bakin get yake jin warin, ya shigo yana tsine wa masu cika tukunya. Hajiya ta daɗe tana neman hanyar korarsa saboda baƙar maganarsa, amma Alhaji ya ce ba mai taɓa mutumin da hancinsa ke gadin gida.

Sai wata mura mai zazzaɓi ta kwantar da shi. Ya warke, hanci bai dawo ba. Ko daddawa ba ya ji, balle gas. Tsoro ya kama shi, domin ɗakinsa na bayan gida da tuwonsa duk a kan hancin nan suke. Bai gaya wa kowa ba. Kullum da safe sai ya kaɗa sabulu a kofi, ya shafa wa bakin tukunya da tiyo, ya zuba ido ko kumfar za ta taso, alamar gas na fita.

Hajiya ta ga kumfar nan, kuma ba ta tambaya ba. Ai ba ta iya tambaya ba, tarko ta iya. Ran nan da hantsi ta murɗa kan murhu kaɗan ba ta kunna ba, ta kira Alhaji ya tsaya a ƙofa, sannan ta kira kuku.

"Malam Shu'aibu, ɗora mana ruwan shayi."

Ya shigo yana gunaguni, ya cika buta, ya ɗauko ashana. Alhaji ya toshe hanci da hannun riga, shi kuwa ko a jikinsa. Yana zaro tsinken ashana Alhaji ya damƙe masa hannu.

"Tun yaushe, Shu'aibu?"

"Tun azumi, ranka ya daɗe." Ya juya ga Hajiya. "Don ki kore ni kika yarda gidan ya tashi da mu duka?"

"Na buɗe taga," in ji ta. "Ko iskar ma ba ka ji ba?"

Washegari ya kwashe kayansa. Yanzu yana Kaura Goje wajen 'yarsa Ma'u, ya kafa duwatsu uku a tsakar gida, ya hana a shigo da tukunyar gas ko ta aro. Ma'u takan same shi tsugune gaban murhu idonsa na zubar da ruwa, ta ce, "Baba, ka matsa baya mana."

"Ƙyale ni," yakan ce. "Hayaƙi dai ba ya ɓoye mini kansa."