Layi a Kafaɗar Tulun Madara

Shekara talatin da takwas Baba Zare ya yi yana fentin manyan motoci a gareji ɗaya. Laƙabin ma a can ya samo shi, don in ya ja layi a jikin mota daga kai har wutsiya, sai ka rantse zare aka miƙe. Ba ya awo, ba ya manna takarda. Yakan tsoma buroshi, ya riƙe numfashi, ya tafi. Mutum ne mai baƙin taurin kai, wannan ko masoyansa ba sa musu, kuma bai taɓa yarda wani ya sa masa hannu a aiki ba.

Sai hannun dama ya soma rawa. Likita ya ce abin ba ya warkewa, sai dai ya ƙaru. Mai gareji, wanda Baba Zare ya sani tun yana yawo ba wando, ya ja shi gefe ya ce, "Baba, Allah ya saka da alheri. Ka je ka huta, hannun nan ya gama nasa." Taushin muryar ne ya fi ƙona masa rai. Da zaginsa aka yi, da ya san abin da zai mayar.

Kwana tara bai leƙa ƙofar gida ba. A na goma ya shiga ɗakin tarkace, ya jawo wani tsohon tulun madara na ƙarfe, mai hannu biyu da murfi, wanda marigayiya surukarsa ta yi sana'a da shi. Tsatsa ta ci shi har ba ka gane launinsa.

"Malam, me za ka yi da wannan?" matarsa ta tambaya.

"Layi zan ja."

Ta dubi hannunsa.

Ya fara da buroshin waya, ya kankare tsatsar har tsakar gida ta yi ja. Sannan ya bi shi da sanfefa, takardar guga, mai kaushi tukuna, mai laushi daga baya. A nan kam rawar hannun ta yi rana. "Kin gani? Ko inji bai kai shi guga ba," ya ce wa matar, ita kuwa ta rasa ko dariya za ta yi ko kuka. Ya wanke tulun da kananzir, ya shafa jan fenti mai hana tsatsa, ya bar shi kwana biyu a inuwa. Ya bi da shuɗi mai duhu sau biyu. Duk wannan ko ɗan koyo zai yi, shi ma ya sani. Magana tana ga farin layin da zai zagaye kafaɗar tulun, ya dawo ya haɗu da mafarinsa.

Sau uku yana ja, sau uku layin yana fitowa kamar sawun tsutsa, yana gogewa da tsumma tun bai bushe ba. A karo na ukun ya zauna a kan benci, ya danne wuyan hannun a gwiwa don haushi, sai ya ga bakin buroshin ya tsaya cak. Ya daɗe yana kallonsa.

"To, in kai ba za ka tafi ba, tulun ya tafi," ya ce wa hannun.

Ya kwance ƙafar tsohon kekensa, ya kafa ta a kwance a kan kututture, ya ɗora katako, ya ɗora tulun a tsakiya. Saura mai juyawa. Wannan ne ya fi kankarar tsatsa wuya. Ya yi gyaran murya har sau biyu kafin maganar ta fito.

"Maman yara, zo ki kama mini."

"Ni? Aikinka?"

"Ki juya a hankali, kada ki tsaya ko me kika gani."

Ta durƙusa ta kama taya. Ya tsoma buroshi, ya kafa hannu a gwiwa, ya riƙe numfashi. Tulun ya fara zagayawa, farin layi yana bin kafaɗarsa siriri. Ba ta ɗauke ido daga layin ba, don ta san in wannan ya karkace ba zai sake taɓa buroshi ba. Mafarin layin ya ɓullo daga ɗaya gefen, ya matso, ya hau kan ƙarshensa daidai, ko inda suka haɗu ba ka gani.

Ta saki tayar ta share ido da bakin zane. Shi kuwa ya sake tsoma buroshin, ya ɗaga hannu daga gwiwa, ya rubuta sunansa a ƙasan layin. Haruffan suka fito a karkace, kowanne yana rawa, ɗaya har da ɗigo.

Ta miƙo tsumma da sauri. "Bari in goge tun bai bushe ba, zai ɓata maka aiki."

Ya tare hannunta.

"Bar shi haka nan. Duk wanda ya ga layin nan, ina so ya san da wane hannu aka ja shi."