Sakatar Kawu

Kawuna gyaran bindigogin masu gadin daji yake yi, a wani ɗan shago mai warin mai da tsatsa a bayan kasuwa. Da kunne yake aiki. In an kawo masa bindiga, sai ya rufe ido ya motsa ta, ya saurara.

A kan bencinsa na girma, na san iri-irinsu. Akwai mai karyewa a tsakiya kamar gwiwa, a zura harsashi a mayar, ta ce ƙwas. Akwai mai sakata irin ta ƙofa: a ɗaga, a ja baya kwankon harsashi ya faɗo, a tura gaba sabon harsashi ya shiga. Ita ce 'yar lelensa. Wadda ke ɗura wa kanta harsashi da ƙarfin harbin da ya gabata kuwa, "mai rawar kai" yake ce mata.

Da na gama jami'a, 'yan fashi suka tare motarmu a hanyar dawowa gida, suka buɗe wuta. Ko ƙwarzane ban yi ba. Wanda ke zaune kusa da ni bai tashi ba. Tun daga ranar, ko cokali ne ya faɗi sai na zabura.

Kawu ya zo duba ni. Ya riƙe hannuna, can ya ce, "Malam Digiri, tsakanin harbi da harbi ka ji ana jan sakata, ko a jere ta zo?"

"Haba Yaya!" in ji mahaifiyata. "Jaje ka zo ko gyara?"

Ya sunkuyar da kai. Ni kuwa na fita na yi ta amai. Gaskiyar kuwa, a jere ta zo.

Na daɗe ban leƙa shagon ba, alhali babu inda nake kewa kamarsa. Ranar da na daure na je, yana cikin gwada wata mai sakata. Ƙara ɗaya na ji, na dafe bango. Ya ajiye ta, ya lulluɓe teburin da buhu, ya jawo benci waje.

Haka muke yi yanzu. Da na iso, aiki ya tsaya. Mu zauna a bakin ƙofa yana ba ni labarin maƙwabcinsa tela, hannuwansa a cinya sun rasa abin yi.

Jiya na ce, "Kawu, shiga ka ci gaba. Zan saurara daga nan."

Ya dube ni, ya dubi yadda na ƙanƙame bakin bencin.

"Tela ya yi sabon keken ɗinki," in ji shi. "Bari ka ji yadda aka yi."